Suna Ma Dukiya Ne: Tambayoyi da Amsoshi Kan Alamar Asalin Kaya da Rigingimun Cinikin Duniya

Akwai kayan da sunansu sunan wuri ne. Shayin Darjeeling, cukun Roquefort, kofin Kolombiya, giyar Champagne. Mai saye yana ƙara kuɗi saboda sunan, kuma duk inda suna ya zama kuɗi, sai an sami masu jayayya a kansa. Ga tambayoyin da aka fi yi game da wannan batu.

Mece ce alamar asalin kaya?

Suna ne ko alama da ke nuna cewa kaya daga wani wuri takamaimai ya fito, kuma ingancinsa ko shahararsa sun rataya ne a kan wurin. Ba wai kawai an yi shi a can ba. Dole a ce ƙasar wurin, ko yanayinsa, ko gwanintar mutanensa ce ta mayar da shi abin da yake. Cukun Roquefort misali ne mai kyau. Da nonon tumaki ake yinsa, kuma sai ya nuna a cikin kogunan dutsen Combalou da ke kudancin Faransa. Wanda ya yi irinsa a wani wuri, ko da ya fi shi daɗi, ba shi da ikon kiransa Roquefort.

Da me ta bambanta da tambarin kamfani?

Tambari na mutum ɗaya ne ko kamfani ɗaya. Yana iya sayar da shi, yana iya kwashe masana'antarsa ya koma wata nahiya da tambarinsa a hannu. Alamar asali kuwa ta jama'ar wuri ce gaba ɗaya. Duk wanda yake cikin iyakar da aka shata, ya kuma bi ƙa'idojin da aka rubuta, yana da haƙƙin amfani da ita. Ba a sayar da ita, ba ta ƙaura, kuma ba ta da wa'adin ƙarewa irin na takardar mallakar ƙirƙira. Wannan bambancin shi ne tushen yawancin rigimar, domin akwai ƙasashen da dokokinsu ba su san wata dukiya ba sai wadda take da mai ita guda ɗaya.

Daga ina tsarin ya faro?

Daga Faransa, kuma masifa ce ta haife shi. A ƙarshen ƙarni na 19 wani ƙwaro mai cin saiwa ya halaka gonakin inabin ƙasar. Kaya ya yi ƙaranci, 'yan algus suka cika kasuwa da jabu suna liƙa masa sunayen yankuna masu daraja. Aka yi dokar hana algus a 1905, manoman yankin Champagne suka yi bore a 1911 kan batun iyaka da shigo da inabin waje, aka ba Roquefort kariya ta doka a 1925, sannan a 1935 aka kafa tsarin da ya zama abin koyi ga sauran Turai. Faransawa sun ɗauki abin da muhimmanci har suka sa shi cikin yarjejeniyar Versailles ta 1919, inda aka wajabta wa Jamus mutunta sunayen. Majalisar dattawan Amurka ba ta amince da wannan yarjejeniya ba, don haka sharaɗin bai hau kan Amurka ba.

Da gaske wuri na canza kaya, ko dabarar talla ce kawai?

Duka biyun akwai. Babu mai musun cewa tudu da hazo da irin ƙasa suna sauya ɗanɗanon ganyen shayi ko 'ya'yan kofi. Amma akwai inda alaƙar ta yi rauni ƙwarai. Tarayyar Turai da kanta ta raba kariyar gida biyu: mai tsauri, inda dole kayan haɗi da sarrafawa duk su kasance a yankin, da mai sassauci, inda ya isa a yi mataki ɗaya a can. Shi ya sa busasshen naman Bresaola na kwarin Valtellina a Italiya yake da kariya, alhali mafi yawan naman daga Brazil ake shigo da shi. Sannan ga cukun Stilton na Ingila, wanda doka ba ta yarda a yi shi a garin Stilton ba, saboda garin ba ya cikin gundumomi uku da aka ware. Irin waɗannan su ne masu adawa da tsarin suke nunawa da yatsa, kuma suna da hujja.

Wace doka ce ta ɗaure ƙasashen duniya?

Mafi ƙarfi ita ce yarjejeniyar kare mallakar fasaha mai suna TRIPS ta Ƙungiyar Kasuwanci ta Duniya, wato WTO, wadda aka sa wa hannu a Marrakesh a 1994 ta fara aiki a farkon 1995. Sassa uku ne suka shafi wannan batu. Sashe na 22 ya hana amfani da sunan wuri ta hanyar da za ta yaudari mai saye. Sashe na 23 ya ba giyar inabi da barasa ƙarin kariya. Sashe na 24 kuma shi ne na togaciya: ƙasa ba ta da tilas ta kare sunan da ya riga ya zama gama-gari a cikinta, ko ta soke tambarin da wani ya yi wa rajista da kyakkyawar niyya tun da farko. A cikinsa ne kuma aka ce babu wajibcin kare sunan da ƙasarsa ta asali ba ta kare shi ba, sharaɗin da ya sa ƙasashe da dama suka yi gaggawar rubuta dokokinsu.

Akwai kuma yarjejeniyar Lisbon ta 1958, wadda aka sabunta a Geneva a 2015 ta fara aiki a 2020. Kariyarta ta fi ƙarfi, amma Amurka da Kanada da Ostireliya ba sa ciki.

Me ya sa giya ta fi sauran kaya kariya?

Saboda waɗanda suka fi ƙarfi a teburin tattaunawa giya suke sayarwa. Babu wani dalili na hankali da ya wuce wannan. A ƙarƙashin sashe na 23, ba a yarda ka rubuta "irin na Bordeaux" ko "salon Cognac" ba, ko da ka bayyana ainihin inda ka yi kayanka. A ƙarƙashin sashe na 22 kuwa, mai shinkafa ko shayi ko kofi sai ya tabbatar wa kotun wata ƙasa cewa an yaudari masu saye, kuma wanda ya ari sunan yana iya kuɓuta da ɗan ƙaramin rubutu a bayan kwali mai cewa an yi a wuri kaza.

Ka duba wa wannan ya fi shafa. Kayan da ƙasashe masu tasowa ke alfahari da su yawanci amfanin gona ne da sana'ar hannu. Tun taron WTO da aka yi a Doha a 2001 ƙasashe irin su Indiya da Kenya da Sri Lanka da Suwizalan suke neman a faɗaɗa sashe na 23 ya haɗa da kowane kaya. Amurka da Ostireliya da Ajantina da wasu suka ƙi, maganar ta tsaya cik. A ganina wannan buƙata adalci ce tsagwaronta. Idan har an yarda cewa aron suna cuta ce ga manomin inabi, ban ga yadda za ta zama halal a kan manomin shayi ba.

To mene ne ainihin saɓanin Turai da Amurka?

Saɓani ne da ƙaura ta haifar. Miliyoyin Turawa sun bar Italiya da Girka da Jamus da Suwizalan zuwa Amurka da Kanada da Ostireliya da Ajantina, suka tafi da sana'o'insu da sunayen sana'o'in. Jikan Ba'italiyen da ya sauka a jihar Wisconsin shekara ɗari da suka wuce yana yin cuku yana kiransa parmesan, kamar yadda kakansa ya kira shi. Idan aka ce masa ya saci suna, sai ya ce gadonsa ne. Shi kuma mai yin Parmigiano Reggiano a lardin Parma, wanda ƙa'ida ta hana shi sayar da cukunsa sai ya yi aƙalla wata 12, yana ganin wani na cin moriyar wahalarsa a arha.

Amurka tana cewa waɗannan kalmomi sun zama sunan nau'in abinci, kamar yadda cukun cheddar ya zama, kuma tambarin shaida ya wadatar wajen kare abin da ya cancanta. A watan Maris na 2023 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta yanke cewa sunan cukun gruyere kalma ce gama-gari a Amurka, duk da ƙorafin masu yinsa na Suwizalan da Faransa. Turai kuma tana cewa sunan bai zama gama-gari ba sai don an daɗe ana cin amanarsa, kuma daɗewar cuta ba ta mayar da ita haƙƙi. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, shi ya sa aka kasa raba gardamar. Ko a kan giya ma sulhun rabi aka yi: yarjejeniyar Amurka da Turai ta 2006 ta hana sababbin kamfanonin Amurka rubuta Champagne, amma ta bar waɗanda suka riga suka fara, don haka har yau ana sayar da Champagne na Kalifoniya.

An taɓa kai ƙara gaban WTO a kan wannan?

An taɓa. Amurka ta shigar da ƙorafi a 1999, Ostireliya ta bi sahu a 2003, kan dokar Tarayyar Turai ta 1992. Dokar ta ce ba za a yi wa kayan wata ƙasa rajista ba sai ƙasar tana da tsari kwatankwacin na Turai, tana kuma kare sunayen Turai, sannan sai gwamnatinta ce za ta miƙa takardar. Kwamitin shari'a ya fitar da hukunci a Maris na 2005, ya ce wannan nuna bambanci ne ga baƙi. Amma ya bar wa Turai damar barin alamar asali ta zauna tare da tambarin da ya riga ta, batun da rigimar sunan giyar Budweiser tsakanin kamfanin Amurka da na garin Budějovice a Jamhuriyar Cek ke bayansa. Kowane ɓangare ya fito ya ce shi ya yi nasara.

Abin lura shi ne wanda ya fi cin ribar hukuncin. Turai ta gyara dokarta a 2006, ta buɗe wa manoman waje ƙofar neman rajista kai tsaye. A 2007 kofin Kolombiya ya zama kaya na farko daga wajen Tarayyar da ya samu wannan kariya, Darjeeling ya biyo baya a 2011.

Yaya aka ƙare da cukun feta na Girka?

Girka ta yi nasara, amma bayan doguwar shari'a. An yi wa feta rajista a 1996, kotun Turai ta soke a 1999, aka sake yi a 2002, sannan a Oktoban 2005 kotun ta tabbatar da shi, ta yi watsi da ƙarar Jamus da Denmak. Ɗaya daga cikin hujjojin kotun ita ce, masu yin feta a waɗancan ƙasashe suna ƙawata kwalayensu da hotuna da alamun Girka, wanda ke nuna su ma sun san da wace ƙasa mai saye ke danganta sunan. Tsugune ba ta ƙare ba, domin kamfanonin Denmak sun ci gaba da fitar da nasu zuwa wajen Tarayyar da sunan feta, har sai da kotun ta hana a Yulin 2022.

Tunda an kasa daidaitawa a WTO, ina ake fafatawar yanzu?

A yarjejeniyoyin ciniki tsakanin ƙasa da ƙasa. Duk inda Tarayyar Turai ta zauna tattaunawa, takan zo da jerin sunayen da take so a kare. Yarjejeniyarta da Kanada, wadda ta fara aiki a Satumban 2017, ta bar tsofaffin masu yin cukun feta da asiago da fontina da gorgonzola da munster su ci gaba, sababbi kuma sai sun ƙara kalma irin "salon" ko "nau'in". Da Sin kuwa an yi musayar sunaye 100 daga kowane ɓangare, ta fara aiki a Maris na 2021. Ita ma Amurka tana sa nata sharaɗin a yarjejeniyoyinta, na a bar ƙofar ƙalubalantar duk sunan da take ɗauka gama-gari.

Ƙaramar ƙasar da ke son kasuwannin biyu takan tsinci kanta gaba kura baya sayaki: wannan ya ce kare feta, wancan ya ce kada ki kuskura. Kuma tun Disambar 2019 sashen ɗaukaka ƙara na WTO ya daina aiki saboda Amurka ta hana naɗa sababbin alƙalai, wato ko an yi rigima, sau da yawa babu inda za a kai ta a yanke hukunci na ƙarshe. Wannan ne ya fi damuna a duk lamarin. Inda babu alƙali, girman kasuwarka shi ne hujjarka.

Idan ƙasashe biyu suka yi tarayya a kaya ɗaya fa?

Nan ake ganin wahala ta gaske, kuma shinkafar basmati ce babban misali. Ana noma ta a yankin Punjab da kewaye tun kafin rabuwar 1947 ta tsaga yankin tsakanin Indiya da Pakistan. A 1997 wani kamfanin jihar Texas mai suna RiceTec ya samu takardar mallakar ƙirƙira a Amurka kan wasu irin shinkafa da ya danganta da basmati. Indiya ta ƙalubalanta, zuwa 2001 mafi yawan da'awar kamfanin ta faɗi. Abin ya farkar da Indiya, ta yi dokarta a 1999, Darjeeling ya zama na farko da aka yi wa rajista a 2004.

Sai rigimar ta koma tsakanin maƙwabtan biyu. Indiya ta nemi Tarayyar Turai ta ba ta kariyar basmati, aka wallafa buƙatar a Satumban 2020, Pakistan ta shigar da ƙin amincewa a Disamba, ta kuma yi wa shinkafar rajista a gida a Janairun 2021 bisa dokar da ta kafa a 2020. Hanyar da ta fi dacewa ita ce rajistar haɗin gwiwa, kuma doka ta ba da damar haka, amma siyasar ƙasashen biyu ta sa abin ya yi wuya. Haka Peru da Chile suke ta ja-in-ja kan barasar pisco. A Cyprus kuwa an samu mafita: rajistar cukun halloumi ta 2021 ta shafi tsibirin gaba ɗaya, duk da rabuwarsa gida biyu.

Me ƙasashen Afirka suka fuskanta?

Shayin rooibos ba ya fitowa sai a yankin tsaunukan Cederberg da kewayensa a Afirka ta Kudu. Duk da haka a 1994 aka yi wa kalmar rajista a matsayin tambari a Amurka, har mai tambarin ya riƙa yi wa masu shigo da rooibos na gaskiya barazanar shari'a. Sai a 2005 aka saki sunan. A 2013 wani kamfani a Faransa ya sake gwadawa. A 2021 ne rooibos ya zama kayan Afirka na farko da ya samu kariya mai tsauri a Tarayyar Turai.

Habasha ta bi wata hanya dabam. A 2005 ta nemi rajistar sunayen kofinta, Sidamo da Harar da Yirgacheffe, a matsayin tambari, ba alamar asali ba, domin sa ido kan miliyoyin ƙananan manoma warwatse a tsaunuka ya fi ƙarfin aljihunta. Ta yi karo da Starbucks, kamfanin shagunan kofi na Amurka, ƙungiyar Oxfam ta mara mata baya, aka sasanta a Yunin 2007. A Kamaru kuma masoron Penja da farar zumar Oku sun samu rajista a 2013 a OAPI, ƙungiyar kare mallakar fasaha ta wasu ƙasashen Afirka, tare da kofin Ziama-Macenta na Gini, sannan Penja ya samu ta Turai a 2022.

Kuɗin da ake magana a kai nawa ne?

Wani nazari da Hukumar Tarayyar Turai ta fitar a 2020 ya ƙiyasta cinikin kayanta masu alamar asali a 2017 da kusan yuro biliyan 75, ya kuma nuna cewa farashinsu kan ninka na takwarorinsu marasa alama.

Rajista tana tabbatar da cewa manomi zai amfana?

A'a. Takardar rajista ba ta noma, ba ta tsare iyaka, ba ta ɗaukar lauya. Ana buƙatar ƙungiyar masu sana'a mai ƙarfi, da rubutacciyar ƙa'ida, da masu duba inganci da ba sa karɓar na goro, da kuɗin bin masu jabu har kotunan ƙetare. Masu Champagne da Parmigiano suna da duk wannan. Inda babu, sunan kan zama ado a takarda.

Sannan ko ƙarin kuɗin ya shigo, sai a tambayi hannun da ya tsaya. Barasar Tekila ta samu kariya a Meziko tun 1974, ta zama gagarumar kasuwa, amma manyan tamburanta da dama suna hannun kamfanonin ƙasa da ƙasa, manoman tsiron da ake yinta da shi kuma suna fama da hawa da saukar farashi. Shayin Darjeeling na cikin mafi tsada a duniya, matan da ke tsinkar ganyen kuwa ladansu kaɗan ne. Idan ba a tsara rabon tun farko ba, sai a wayi gari kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Akwai inda masu neman kariya suka wuce gona da iri?

Akwai. Prosecco sunan irin inabi ne da aka sani, har manoman Ostireliya suka dasa shi da wannan suna. A 2009 Italiya ta sauya wa inabin suna zuwa Glera, ta mayar da Prosecco sunan yanki, daga nan ta nemi kowa ya daina amfani da shi. Ina goyon bayan kare sunaye, amma a nan ƙorafin Ostireliya yana da tushe, kuma batun na cikin abubuwan da suka dagula tattaunawar cinikinta da Turai, wadda ta watse a Oktoban 2023. Akwai kuma wani ƙauye mai suna Champagne a Suwizalan, mai daɗaɗɗen tarihin noman inabi, da aka hana shi sa sunansa a kwalabensa bayan yarjejeniyar 1999 da Tarayyar Turai. Rasha kuwa juya abin ta yi: dokarta ta Yulin 2021 ta keɓe wa masu yi a cikin gida kalmar Rashanci ta Champagne, ta tilasta wa Faransawa rubuta "giya mai kumfa" a bayan kwalba.

Abinci da abin sha kaɗai ake karewa?

A'a. Indiya ta daɗe tana yi wa saƙa da sassaƙa da sauran sana'o'in hannu rajista. Tarayyar Turai ta makara a nan, sai a 2023 ta yi dokar da za ta kare irin gilashin Murano na Italiya da tangaran ɗin Limoges na Faransa.

Sunan da ya riga ya zama gama-gari yana iya dawowa hannun masu shi?

Yana iya, amma da tsada, kuma yawanci sai an ba da wani abu a madadinsa. Afirka ta Kudu ta yarda ta daina amfani da sunayen giyar port da sherry a yarjejeniyar cinikinta ta 1999 da Turai. Ostireliya ta yi haka a yarjejeniyar giya ta 2008, masu sana'arta suka ƙirƙiro sabon suna, Apera, a maimakon sherry. A duka biyun, damar shiga babbar kasuwar Turai ce ta sa aka saki sunan. Wasu sunayen kuwa sun tafi ke nan. Cheddar ƙauye ne a gundumar Somerset ta Ingila, amma yau ana yin cheddar a kowace nahiya, abin da ya rage wa mutanen yankin shi ne dogon suna, West Country Farmhouse Cheddar, wanda doka ta kare.